Raƙumi Mai Ido Ɗaya Da Asalin Kalmar "Serendipity"

A cikin ƙamus na Ingilishi akwai wata kalma mai gaɓa biyar wadda su kansu Turawa suke yi wa kallon baƙuwa a harshensu, ita ce "serendipity", mu kuwa in za mu lanƙwasa ta da harshenmu sai mu ce sarandibiti. Mai karatun jarida ko littafin kimiyya yakan gamu da ita a inda ake ba da labarin wani magani ko wata na'ura da aka gano ba tare da an fita nemansu ba. In ka tambayi ɗan boko ma'anarta, sau da yawa zai ce maka ai sa'a ce, ko kuwa dace. In ka ƙara tambayarsa inda ta fito, sai ya ce mai yiwuwa daga Latin ko Girkanci, domin daga can ne yawancin dogayen kalmomin Ingilishi suka gangaro. To, amsar farko rabin gaskiya ce, ta biyu kuwa ko ƙamshin gaskiya babu a cikinta. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci littattafan tarihi da na adabin Larabci, da zarar ya ji farkon kalmar zai gane tsohon sani ne, watau Sarandib.

Sarandib shi ne sunan da Larabawa da Farisawa suka san tsibirin nan da yake kudu da Indiya, wanda Turawan mulkin mallaka suka kira Silon, ya sami 'yancin kansa cikin 1948, sa'an nan cikin 1972 aka mai da sunansa Siri Lanka. Sunan ba Balarabe ba ne a asali. Masana harsuna sun mai da shi ga tsohon harshen Indiyawa da ake kira Sanskirit, inda ake cewa Sinhala-dwipa, watau tsibirin Sinhala, su ne kabilar da ta fi yawa a can, sunansu kuma daga kalmar zaki ya fito. Da sunan ya yi ta yawo a bakin fatake da matuƙa jiragen ruwa sai lamun ya rikiɗa ya zama ra'un, harafin ƙarshe kuma ya zama ba'un a bakin Balarabe, domin Larabci ba shi da irin wancan harafi. Rikiɗar ta girmi zuwan Musulunci, gama wani marubucin tarihin Rumawa na ƙarni na huɗu, Ammianus, ya ambaci mutanen "Serendivi" cikin waɗanda suka aiko wa sarkinsu Juliyan da jakadu.

Littattafanmu cike suke da ambaton wannan tsibiri. Balazuri a cikin Futuhul Buldan ya kira shi Tsibirin Yaƙutu, ya kuma ba da labarin cewa sarkin tsibirin ya aika wa Hajjaju ɗan Yusufu waɗansu mata Musulmi, 'ya'yan fatake da iyayensu suka rasu a can, sai 'yan fashin teku na wajajen Daibul suka tare jirgin suka kwashe su. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa aka tura Muhammadu ɗan Ƙasim ya ci ƙasar Sindi wajen shekara ta 93 bayan Hijira, daidai da 712. Wanda ya karanta Dare Dubu Da Ɗaya zai tuna a can ne Sindibad ya faɗa a tafiyarsa ta shida, har sarkin ƙasar ya ba shi wasiƙa da kyauta ya kai wa Haruna Rashid. Akwai kuma waɗansu baitoci sanannu kan wadatar zuci da ake jingina wa Imam Shafi'i, inda aka haɗa duwatsun Sarandib masu lu'ulu'u da rijiyoyin Takruru masu zinariya, a matsayin iyakar dukiyar gabas da ta yamma. Takruru kuwa ai mu ne, da wannan suna mutanen gabas suka san ƙasashen baƙaƙen Afirka ta Yamma, kuma shi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa cikin sunan littafinsa Infaƙul Maisuri. A zamanin baya-bayan nan ma, da Ingilishi suka murƙushe yunƙurin Ahmad Urabi a Masar cikin 1882, can suka kai shi gudun hijirar dole tare da mawaƙin nan Mahmud Sami Barudi, wanda ya yi shekara goma sha bakwai a tsibirin yana waƙar begen gida.

Abin da ya fi sanar da sunan ga almajirai dai shi ne ruwayar da take cewa a kan wani dutse na Sarandib ne Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya sauka bayan fitowarsa daga Aljanna, Hauwa'u kuma ta sauka Jidda. Ɗabari ya kawo ta cikin Tarihinsa. Amma a lura, Alƙur'ani mai girma bai ambaci wurin saukar ba, wannan zance ne na masu ba da labaran mutanen farko, ba a gina aƙida a kansa. Dutsen yana nan, tsawonsa mita 2,243, a ƙwanƙolinsa akwai wani gurbi mai kamar sawun ƙafa, mabiya Buda suna cewa na Buda ne, Hindu suna cewa na Shiba ne, Musulmin wurin kuma suna cewa na Adamu ne. Ibnu Baɗuɗa ya hau shi cikin 1344, shekara tara kafin ya iso Takadda ta ƙasar Azbin, ya kuma bayyana sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa domin masu hawa su riƙa kamawa. Ta ƙarshe ana kiranta sarƙar Shahada, domin wanda ya kai gare ta ya dubi ƙasa ba ya sanin sa'ad da zai kama kalmar shahada don tsoro.

To, yaya aka yi sunan tsibiri ya zama kalmar Ingilishi mai nufin tsintuwa?

Yawancin kalmomi ba a san ranar haihuwarsu ba, amma wannan an san ranarta da wanda ya raɗa mata suna. Shi ne Horace Walpole, ɗan Robert Walpole wanda ake lissafawa firayim minista na farko a Ingila. Mutum ne mai dukiya, mai son tara kayan tarihi, wanda ba ya gajiya da rubuta wasiƙa. Yana da wani aboki, Horace Mann, wakilin Ingila a birnin Fulorans ta Italiya, sun yi kimanin shekara arba'in da biyar suna musayar wasiƙu. A wasiƙar da ya rubuta masa ran 28 ga Janairu 1754 yana ba shi labarin hoton wata basarakiya Ba'italiya, Bianca Capello, da abokin ya aiko masa, da yadda ya yi kiciɓis da tambarin gidansu a cikin wani tsohon littafi. Sai ya ce irin wannan gano abu shi yakan kira shi "serendipity", ya kuma bayyana cewa ya ƙago kalmar ne daga wata tatsuniya da ya taɓa karantawa, wadda ya kira ta shirme, ta 'ya'yan sarkin Sarandib su uku. A faɗarsa, waɗannan 'ya'yan sarki kullum cikin tafiyarsu suna gano abubuwan da ba su fita nema ba, ta hanyar abu biyu a haɗe: katari da kaifin basira. Ya ba da misali da cewa ɗayansu ya gane wani alfadari mai makantar idon dama ya bi hanya, domin ciyawar gefen hagu kaɗai aka ci, alhali kuwa ta dama ta fi kyau.

A nan Bature ya yi tuntuɓe, domin babu alfadari cikin labarin. Raƙumi ne. Ba za mu ga laifinsa ƙwarai ba, mutumin Landan ina shi ina raƙumi. Littafin da ya karanta tushensa wani littafi ne da aka buga da Italiyanci a birnin Banis, wanda Larabawa suke kira Bunduƙiyya, cikin 1557, a maɗaba'ar Michele Tramezzino, aka ce wani Kirista Ba'armeniye mai suna Cristoforo ne ya fassaro shi daga Farisanci. An juya shi zuwa Faransanci cikin 1719, daga nan zuwa Ingilishi cikin 1722. Shi kuma Ba'armeniyen ya ɗebo ne daga Hasht Bihisht, watau Aljanna Takwas, doguwar waƙar Farisanci da Amir Khusrau na birnin Dalhi ya kammala wajen 1302. A cikin waƙar, gimbiyoyi bakwai ne suke yi wa sarkin Farisa Bahram Gur hira, kowace da darenta, gimbiyar Indiya ce kuwa ta ba da labarin 'ya'yan sarkin Sarandib. Ubansu ya gwada su da tayin sarauta, kowane ya ƙi karɓa don ladabi, sai ya yi kamar ya yi fushi ya kore su, da nufin duniya ta ƙara musu karatu. A hanya suka gamu da mai cigiyar raƙumi, suka kwatanta masa shi ba tare da sun gan shi ba: ido ɗaya gare shi, yana da giɓi, gurgu ne, yana ɗauke da man shanu a gefe guda da zuma a ɗaya gefen, domin sun ga tururuwa ta taru a nan, ƙudaje kuma a can, mace mai ciki ce kuma take bisansa, domin sun ga sawun tafin hannunta inda ta dafa ƙasa za ta tashi.

Mai karatu da ya san Ɗabari, ko Murujuz Zahabi na Mas'udi, ko Majma'ul Amsali na Maidani, ya riga ya yi murmushi, domin ya san wannan raƙumi tun kafin a ɗora masa mai da zuma. Ɗabari ya rasu cikin 923, Mas'udi cikin 956, watau labarin yana rubuce da Larabci shekara ɗari uku da ɗoriya kafin Amir Khusrau. Masu labarin kuwa ba 'ya'yan sarkin wani tsibiri ba ne, 'ya'yan Nizaru ɗan Ma'addu ɗan Adnanu ne su huɗu: Mudar, da Rabi'atu, da Iyadu, da Anmaru. Mudar ɗin nan shi ne wanda yake cikin jerin kakannin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ga yadda masu tarihi suka kawo shi. Da ajali ya kusanto Nizaru sai ya yi wa 'ya'yansa wasiyya cikin zaurance. Ya nuna wata jar laima ta fata ya ce ita da abin da ya yi kama da ita na Mudar ne, baƙar laima da mai kama da ita na Rabi'atu, wata baiwa mai furfura da mai kama da ita na Iyadu, jakar kuɗi da wurin zama na Anmaru. Ya ce in rabon ya rikice musu su tafi Najran wurin Af'a Bajurhume, alƙalin Larabawa na wannan zamani. Rabon kuwa ya rikice, suka kama hanya. Suna cikin tafiya suka ga wurin da wani raƙumi ya yi kiwo. Mudar ya ce raƙumin mai ido ɗaya ne. Rabi'atu ya ce yana tafiya a karkace. Iyadu ya ce guntun wutsiya gare shi. Anmaru ya ce gujajje ne, mai tsoron mutane. Ba su yi nisa ba sai ga mai raƙumin yana cigiya. Suka jera masa siffofin nan huɗu, ya amsa kowace, ya ce to su nuna masa inda yake. Suka rantse ba su sa shi a ido ba. Mutumin ya ce wannan zance hankali ba zai ɗauka ba, ya maƙale musu har gaban Af'a ya kai ƙara.

Af'a ya tambaye su yadda suka siffanta abin da ba su gani ba. Mudar ya ce ya ga an ci ciyawar gefe ɗaya an bar ta ɗaya gefen. Rabi'atu ya ce ya ga sawun ƙafar gaba ɗaya ya zauna daram, na ɗayar kuwa a gurɓace yake. Iyadu ya ce ya ga kashin raƙumin a tare wuri guda, da yana da wutsiya da ya watsa shi da kaɗawa. Anmaru ya ce ya ga yana wuce wurin da ciyawa ta yi kauri ya je ya ci inda ta yi ƙaranci, alamar ba ya son tsayawa inda za a cim masa. Alƙali ya sallami mai ƙara ya ce ya nemi raƙuminsa gaba. Sa'an nan ya sauke su baƙunci, kuma ko a kan akushi ba su bar halinsu ba, ɗaya ya ce naman da aka kawo na tunkiyar da ta sha nonon karya ne, ɗaya ya ce abin shan daga inabin da ya tsiro kan kabari aka matso shi, ɗaya ma ya ce mai masaukin ba ɗan wanda ake kiransa da shi ba ne. Af'a ya bincika a asirce ya tarar duk haka ne, har wadda ta fi ɗaci. Daga nan ya raba musu gadon: zinariya da jajayen raƙuma ga Mudar, shi ya sa ake ce masa Mudar Ja, dawaki ga Rabi'atu, shi ya sa ake ce masa Rabi'atun Doki, dabbobi masu roɗi-roɗi ga Iyadu, azurfa da ƙasa ga Anmaru.

Kada kuma mu yi saurin bugun ƙirji mu ce Larabawa ne suka ƙagi labarin. Yahudawa suna da irinsa a littafinsu na Talmud, wanda ya riga Ɗabari, inda waɗansu kamammu biyu suka siffanta raƙumi mai ido ɗaya ɗauke da salka biyu, ta giya da ta mai. Labari ne na ƙasashen raƙumi, kowace al'umma ta sa masa rigarta. Abin da za mu iya cewa da ƙarfin zuciya shi ne, ya bi ta hannun marubutan Musulmi, da Larabci da Farisanci, kafin ya shiga Turai, kuma a can ya yi 'ya'ya. Voltaire na Faransa ya ɗauke shi cikin littafinsa Zadig na 1747, ya musanya raƙumi da karyar sarauniya da dokin sarki, masu tarihin adabi kuma suna lissafa wannan babi cikin kakannin labaran 'yan sandan ciki irin na Sherlock Holmes.

Yanzu sai mu tambaya, ina sa'a take cikin wannan labari? Iyakarta dai sun bi hanyar da raƙumin ya bi. Matafiya nawa suka bi hanyar nan a ranar, suka taka sawun nan, ba su ga kome ba sai ƙura? Abin da 'ya'yan Nizaru suka yi yana da suna a wurin malamanmu, har suna biyu. Na farko ƙiyafa, watau karanta sawu a ƙasa, da kuma gane dangantakar jini daga kamannin gaɓoɓi. Kabilar Banu Mudlij ta shahara da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutuminsu, Mujazziz, ya ga ƙafafun Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama sun fito daga mayafi suna kwance, fuskokinsu a rufe, launinsu kuma ya bambanta ƙwarai, ya hukunta cewa ƙafafun nan sashensu daga sashe yake, Manzon Allah ya yi farin ciki da wannan har ya bayyana a fuskarsa. Malik da Shafi'i da Ahmad sun kafa hujja da wannan wajen yin aiki da ƙiyafa a sha'anin nasaba, kowa da sharuɗɗansa, Abu Hanifa kuwa bai yarda ba. Na biyu firasa, watau kaiwa ga abin da ya ɓoyu ta hanyar alamar da ta bayyana. Malaman tafsiri sun fassara kalmar "mutawassimina" da take aya ta 75 cikin Suratul Hijri da masu firasa. A Suratu Yusufu riga ta zama shaida har sau biyu: da aka kawo wa Annabi Yaƙubu ita da jini, malaman tafsiri suka ce ya lura ba ta yage ba, ina kuwa kerkecin da zai ci yaro ya bar rigarsa lafiya, da kuma aka ga ta yage ta baya a gidan Aziz, aka gane wa ya bi wani. Ƙurɗubi ya ce malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan kan yin aiki da alamu, Ibnul Ƙayyim ya gina littafinsa Ɗuruƙul Hukmiyya a kan haka, Ibnu Farhun Bamalike ma ya ware masa wuri cikin Tabsiratul Hukkami.

Akwai wani abu da muke so a riƙe a nan. A yawancin riwayoyin labarin, ladan farko da masu basira suka samu shi ne tuhumar sata. An kai 'ya'yan Nizaru gaban alƙali, an tsare 'ya'yan sarkin Sarandib, an ci Zadig tara. Jama'a in suka ga mutum ya san abin da bai gani ba, abu biyu suke zato, ko ɓarawo ne ko yana da aljanu. Abin da ya tabbatar da basirarsu shi ne sun iya bayyana wa alƙali hujjarsu, irin ta ciyawar da sawun da kashin. Nan ne iyakar da ta raba firasa da duba. Mai firasa yana iya baje hujjarsa a faifai kowa ya auna, wanda ya lura kuma gobe shi ma zai iya. Mai zanen ƙasa da mai wuri kuwa in ka ce su nuna maka ta ina suka bi, sai su ce asiri ne. Muna ganin yawan cakuɗa waɗannan biyu ya cuci mutanenmu ta fuska biyu, ana girmama maƙaryaci da sunan yana da basira, ana kuma tsarguwa da mai lura da sunan ba haka kawai ya bar kansa ba.

Shi kansa Walpole, duk da alfadarinsa, bai yar da basira ba. Misalinsa na biyu a cikin wasiƙar firasa ce tsantsa: wani babban ɗan majalisar Ingila, Shaftesbury, ya ci abinci a gidan Clarendon, ya ga irin girmamawar da uwar gida take yi wa 'yarta a kan tebur, daga nan ya gane an ɗaura wa yarinyar aure a ɓoye da ƙanen sarki. Sai dai shi ne ya shigo da sharaɗin cewa abin da aka gano ya zama ba shi aka fita nema ba, kuma wannan sharaɗi ne daga baya ya cinye sauran ma'anar.

Kalmar ta daɗe tana barci. Wasiƙun ba a buga su ba sai cikin 1833, shekara talatin da shida bayan mutuwar mai su. Cikin 1875 wani masani, Edward Solly, ya tono ta a wata mujallar masu son tsofaffin littattafai, ta zama abin wasan masu farautar littafi a kasuwar gwanjo, kana ta shiga manyan ƙamusoshi a farkon ƙarni na ashirin. Masana kimiyya ne suka ba ta kasuwa, musamman bayan da likitan nan na Jami'ar Habad ta Amurka, Walter Cannon, ya ware mata babi a littafinsa na 1945. Robert Merton da Elinor Barber sun rubuta littafi sukutum kan tarihinta cikin 1958, suka ƙirga wurare 135 kacal da aka taɓa buga ta, littafin ma bai fito da Ingilishi ba sai 2004. Yanzu kuwa ta zama sunan shaguna da gidajen abinci da fina-finai, a bakin yawancin masu faɗarta kuma ba ta wuce ma'anar abin daɗi da ya faɗo wa mutum yana zaune ba.

Alhali misalan da su kansu suke bugawa suna ƙaryata wannan fahimta. Cikin Satumba 1928 Alexander Fleming ya komo daga hutu ɗakin bincikensa a Landan, ya tarar funfuna ta tsiro a wani faranti da yake renon ƙwayoyin cuta, ya lura ƙwayoyin da suke kewaye da ita sun mutu. Daga nan aka sami fenisilin. To, farantin da ya yi funfuna ai kullum zubar da shi ake yi, kuma waɗansu sun riga shi ganin irin wannan, har wani ɗalibin likita a Faransa, Ernest Duchesne, ya rubuta a kai cikin 1897 ba wanda ya kula. Shi ma Fleming bai iya mai da shi magani ba sai da Howard Florey da Ernst Chain suka yi aikin wahala a Okusfod wajen 1940, shi ya sa aka raba musu kyautar Nobel su uku cikin 1945. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ya fi wannan bayyana. Wilhelm Rontgen ya gano shi a Jamus cikin 1895, da ya ga wani allo yana walƙiya a ɗaki mai duhu inda bai kamata ya yi ba, ya rufe kansa makonni yana bin sawun abin. Amma tun cikin 1890 wani malamin jami'a a Amurka, Arthur Goodspeed, ya riga ya ɗauki irin wannan hoto bisa kuskure, ya ga inuwar sulalla a jikin farantin hoto, bai gane ba, ya ajiye. Sai bayan shekara shida ya ɗauko ya ga abin da ya wuce shi. Katarin da ya zo wa Bajamushe shi ne ya zo wa Ba'amurke, ɗaya Mudar ne, ɗaya kuwa cikin sauran matafiya yake. Louis Pasteur ya riga ya faɗi haka cikin wata lacca a 1854, cewa a fagen lura katari ba ya taimakon kowa sai zuciyar da ta shirya.

Wannan ya kawo mu ga masu fassara, na gidajen rediyo da na jaridu. An ce kalmar tana da wuyar fassara, har wani kamfanin fassara a Ingila ya sa ta cikin goma mafi wuya a 2004. Hausa ba ta rasa abin cewa ba. Muna da sa'a, wadda muka aro daga Larabci inda take nufin lokaci, muna da dace, da katari, da gamon katar, da tsintuwa. Wadda ta fi kusa a ganinmu ita ce tsintar dami a kala, domin mai kala ba a kwance yake ba, ya fita gona, idonsa a ƙasa, yana neman zangarniya ɗaya-ɗaya, sai ga dami. Ta tara fita, da lura, da samun abin da ya fi wanda aka je nema. Abin da ta rasa kaɗai shi ne dami kowa ya gan shi ya san dami ne, alhali na Fleming ya zo ne da kamar shara. Saboda haka inda zancen bincike ne, mu da za a bi tamu a ce dacen mai basira, a bar wa 'yan caca kalmar sa'a.

Wani zai ce, shin ya dace Musulmi ya yi zancen katari, alhali kome da ƙaddara yake? Amsa ita ce katari suna ne na jahilcinmu game da sababi, watau abin da ya zo mana ta inda ba mu tsara ba, wannan kuwa bai fitar da shi daga tsarin Mai tsarawa ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa a Suratu Ɗaha da Namli da Ƙasasi: ya baro Madyana da iyalinsa, ya hangi wuta a gefen dutsen Ɗuri, ya ce su dakata ko ya samo musu garwashi ko wanda zai nuna musu hanya. Garwashi ya je nema, ya komo da annabci. A wajensa abu ne da bai zata ba, amma a cikin Suratu Ɗaha ɗin an gaya masa cewa zuwan nasa bisa wani ƙaddararren lokaci ne. Ba muna cewa annabci ana samunsa da basira ba ne, Allah ya tsare, wannan zaɓi ne na Ubangiji. Muna nuna cewa abu guda yana iya zama ba-zata a idon bawa, ya kuma zama rubutacce tun azal, babu karo tsakaninsu.

Turawa ba su tsaya nan ba, sai da suka ƙaga wa kalmar kishiya. Marubucin nan William Boyd, cikin wani littafinsa na 1998, ya ɗauki sunan Nobaya Zemliya, waɗansu tsibirai na Rasha masu ƙanƙara can ƙurewar arewa, inda aka yi ta gwajin bom na nukiliya, ya ƙera "zemblanity", watau gano abin baƙin ciki wanda dama an san za a tarar. Ba ta karɓu kamar yayarta ba. Su kuwa marubutan Larabci na zamani, da suka rasa kalma guda da za ta ɗauki ma'anar, domin "sudfa" tasu katari ce kawai, waɗansunsu sai suka ɗauko ta Walpole ɗungurungum suka mai da mata ba'un ɗinta na asali, suka rubuta "sarandibiyya".